Darasi na 9: Tayar da Ta Shiga da Tayar da Ta Dace

Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san abin da ke faruwa idan aka haɗa dogon sa da gajere a karkiya ɗaya. Dogon ya yi taku uku, gajeren sai ya yi huɗu kafin ya kamo shi. Kunya ta karkace, karkiya ta riƙa cin wuyansu, kafin azahar dukansu sun galabaita. Mai garma sai faɗa yake yi da shanu, alhali laifin na wanda ya haɗa su ne. Darasinmu na yau a kan irin wannan haɗi ne, sai dai a ƙarƙashin mota ake yin sa.

A Dangoma da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kalgo, motar da ake dogara da ita idan kwalta ta ƙare ita ce mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobi ke ce wa fowil. Da rani hanyoyin gona da na ruga rairayi ne, da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, hanyar fadama taɓo ce. Hilux da Land Cruiser ne ke kai ma'aikatan rigakafi ƙauyuka, su ke kai taki gona, su ke fito da shinkafa zuwa Jega da Birnin Kebbi. Ko ba ka da irin wannan mota, wataƙila kai ke tuƙa ta wani, ko ɗanka ne yaron motar, ko kuwa kana cikin waɗanda ke hawa bayanta ranar kasuwa. Don haka maganar tayarta ta shafe ka.

A rumfar mai faci

Mu ɗauka wani direba ne daga Dangoma ya tsaya a rumfar mai faci a Kalgo.

"Sannu da aiki, Malam. Kututture ya kashe min taya a hanyar fadama, gefenta ya tsage."

"Subhanallahi. Ai wagga ba ta facuwa, Direba. Amma ga wata nan 'yar Baljiyam, haƙoranta ko taɓuwa ba su yi ba. Sha bakwai ce kamar taka."

"Tana shiga?"

"Ƙwarai kuwa. In ba ta shiga ba, kak ka biya ni."

Tayar ta shiga, an ɗura iska, an ɗaure noti, an yi sallama cikin mutunci. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma babu wanda ya yi niyyar cuta. Amma lamba ɗaya kawai suka duba, alhali rubutun da ke gefen taya lambobi ne da yawa, kuma kowace da abin da take faɗa.

Karanta gefen taya

A je wurin wata Hilux ko Prado a tsuguna a gefen tayarta. Da yawa daga cikinsu za a ga an rubuta haka:

265/65 R17 112S

Lambar farko, 265, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 65, ita ce ta fi rikita mutane, domin ba awo ba ce, kaso ce. Tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 ne cikin 100 na faɗinta. Kashi 65 cikin 100 na 265 ya kama milimita 172. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren da ke cikin robar, ana ce wa irin wannan taya radiyal. Sai 17, faɗin wili da inci. Ita kaɗai direbanmu da mai faci suka duba. Lambar 112 ta nauyi ce, tana nufin taya ɗaya za ta iya ɗaukar kilo 1,120. Harafin S kuwa iyakar gudun da aka ƙera ta ta jure ne, kilomita 180 a awa.

Ba dole sai ka haddace lambar motarka ba. Kamfanin da ya ƙera ta ya liƙa wata 'yar takarda a jikin ƙarfen ƙofar direba, ana ganin ta idan an buɗe ƙofa. A jikinta akwai girman tayar da ta dace da yawan iskar da za a sa mata, da kaya da kuma babu kaya. In takardar ta goge, littafin motar na ɗauke da bayanin.

Yanzu mu koma kan 'yar Baljiyam ɗin nan. A ce rubutun jikinta 265/70 R17 ne. Faɗi ɗaya, wili ɗaya, lambar tsakiya ce kawai ta tashi daga 65 zuwa 70. Da ido da ƙyar mutum zai bambanta su. To, bari mu yi lissafi.

Inci 17 milimita 432 ne. Taya tana da gefe a sama da gefe a ƙasa, don haka tsayin ta farko shi ne 432 a tara da 172 sau biyu, ya zama milimita 776. Ta biyu gefenta milimita 185 da rabi ne, tsayinta ya zama 803. Idan aka zagaya kowace da igiya, ta farko za ta ci mita 2 da santimita 44, ta biyu mita 2 da santimita 52. Wato duk juyi ɗaya babbar tana gaba da ƙaramar da santimita 8, kusan faɗin tafin hannu.

Tafin hannu ɗaya ba wani abu ba ne, in juyi ɗaya za a yi a tsaya. Amma a kilomita guda ƙaramar tana juyawa sau 410, babbar sau 396 da ɗoriya. Bambancin ya kusa juyi 14 a kowace kilomita. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 150, ya haura juyi 2,000. Tambayar ita ce: wa ke biyan wannan bashi?

Abin da ke ƙarƙashin mota

Idan 'yan makaranta masu maci za su sha kwana, na gefen waje suna faɗaɗa taku, na ciki suna rage nasu, in ba haka ba sahu ya watse. Mota ma haka take. A kwana, tayar waje tana cin hanya fiye da ta ciki. Saboda haka aka sa wani ƙullin haƙoran ƙarfe a cikin tulun nan da ke tsakiyar bakasil, makanikai na ce masa difaransha. Aikinsa shi ne ya bar tayar dama da ta hagu su saɓa a juyi ba tare da ƙarfin inji ya yanke musu ba. An yi shi ne domin ya yi aiki na ɗan lokaci a kwana, sa'annan ya huta idan hanya ta miƙe.

Idan aka sa doguwar taya a hagu, gajeriya a dama, sai difaransha ya ɗauka kwana ake sha, kwanar da ba ta ƙarewa. Ƙananan haƙoransa ba su hutawa, man da ke cikin tulun ya yi zafi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Mota kuma ta riƙa ja gefe guda, kamar amalanken da ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya. Direba yakan saba da wannan, ya riƙa danne sitiyari ba tare da ya lura ba. Ranar da saniya ta faɗo titi ya taka birki da ƙarfi, ranar ce motar za ta nuna masa halinta, domin tayoyin biyu ba kamu ɗaya suke yi wa ƙasa ba.

Wannan kowace mota yana samun ta, har ƙaramar tasi. Abin da ya keɓanta da fowil shi ne, ita gabanta da bayanta ma a ɗaure suke. Bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin giya, tiransifa, wanda farfela biyu ke fita daga cikinsa, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya. Kuma fowil ɗin ba iri ɗaya ba ce, ya kamata direba ya san wacce ke hannunsa.

Akwai wadda ake sa wa a cire, kamar Hilux da Land Cruiser a-kori-kura. A jikin 'yar sandarta ko maɓallinta za a ga H2 da H4 da L4. A H2 tayoyin baya kawai ke turi. Da an sa H4 ko L4, an kulle farfelar gaba da ta baya, dole su yi juyi ɗaya, babu mai sasanta su. Idan tayoyin gaba sun fi na baya tsayi, na gaba suna son cin santimita 252, na baya 244, ga shi kuma mota ɗaya suke ɗauke da ita. Sai ƙarfen da ke tsakaninsu ya fara murɗewa, kamar igiyar rama da mutum biyu ke tufkawa. A rairayi ko taɓo ƙasa tana da rangwame: taya ta ɗan zame, murɗin ya warware, sai dai ƙarfin da ya kamata ya fitar da kai daga caɓi wani sashensa ya tafi wurin kokawar gaba da baya. A kwalta ko busasshen burji babu wannan rangwame. Murɗin yana taruwa har sai wani abu ya ba da kai, ko sarƙar tiransifa, ko haƙorin giya, ko gaɓar farfela.

Motar takan yi gargaɗi kafin ta kai nan. Sitiyari ya yi nauyi, a kwana ta riƙa tsalle tana cije ƙasa, sandar fowil ta ƙi fita sai an ja da baya 'yan taku. Wasu direbobi suna cewa ai halin motar ne. Ba halinta ba ne, ciwo take faɗa. A nan ma ya kamata a ja kunne: irin wannan mota, ko tayoyinta huɗu daidai suke, ba a tafiya da ita a H4 a kan kwalta. Da an fito daga hanyar gona an hau titi, a mayar da ita H2.

Akwai kuma wadda kullum ƙafafunta huɗu na ja, kamar Prado da manyan jif na Land Cruiser da Lexus. Waɗannan an sa musu difaransha na uku a tsakiya, mai sasanta gaba da baya. Shi ya sa direbansu ba ya jin komai idan tayoyi sun saɓa, kuma wannan shirun shi ne haɗarinsu. Na tsakiyan nan shi ke shanye juyi 14 ɗin a kowace kilomita, yana zafi, mansa na ƙonewa, har ranar da kuka zai fara tashi daga ƙarƙashin kujera. Ƙananan jif irin su RAV4 da CR-V da Highlander, masu jan ƙafa huɗu daga cikinsu, da yawa wasu faifan kuloci ne ke haɗa musu gaba da baya idan na'ura ta ji taya na zamewa. Taya mai saɓanin girma takan sa na'urar ta ɗauka kullum zamewa ake yi, ta yi ta kama kulocin har ya ƙone.

Motocin zamani suna kuma da na'urar birki da ake kira ABS, wadda ke ƙirga juyin kowace taya don ta hana ta daskarewa idan an taka birki. Da lissafin juyi take aiki. In an ba ta lissafin da ya rikice, tana iya kunna fitila a gaban direba, ko ta sa baki inda ba a neme ta ba.

Lamba ɗaya, tsayi daban

Wani zai ce, to, ni na sayi mai lamba iri ɗaya, na huta. Da saura. Sabuwar taya haƙoranta suna da zurfi, wadda ta sha hanya kuwa ta suɗe. Idan sabuwa ta fi tsohuwa zurfin haƙori da milimita 6, ta fi ta tsayi da milimita 12, tunda sama da ƙasa ne. A irin tayar da muka yi lissafi da ita, wannan ya kai juyi 6 a kowace kilomita. Sabuwa ɗaya a cikin suɗaɗɗu uku ke nan ta zama dogon sa a cikin gajeru. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ma gajarta take yi. Kuma kamfani biyu suna iya buga lamba ɗaya a taya, a auna a ga ɗan bambanci.

Maganin wannan mai arha ne. A riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, kamar kowace kilomita 10,000, don su suɗe tare. A riƙa auna iska da geji da safe kafin taya ta ɗau zafi, ba da bugun ƙafa ko na sanda ba.

Masu tsofaffin Land Cruiser su lura da wani abu. Akwai 7.50R16, akwai 7.50-16. Mai harafin R radiyal ce, mai karan ɗori kuwa tsohuwar ƙira ce da zarenta ke gicciye. Ba lanƙwasa ɗaya suke yi ba, don haka ba a haɗa su a bakasil ɗaya.

Manyan tayoyi don ado

Akwai kuma masu cire tayoyin kamfani duka huɗu su sa manya, don mota ta yi kwarjini ko ta ƙara tashi daga ƙasa. Tunda huɗun daidai suke, ba za su yi kokawa da juna ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai kuɗin da ake biya. A ce an cire 265/65 R17 an sa 285/70 R17. Tsayi ya tashi daga milimita 776 zuwa 831, ƙarin kashi 7 cikin 100. Malejin mota juyin taya yake ƙirgawa, bai san an sauya ta ba. Yana nuna 100, kai kuwa 107 kake yi. Lissafin kilomita ma ya ragu, sai lokacin juyen mai ya wuce ba a sani ba. Babbar taya ta fi nauyi, birki ya fi wahalar tsayar da ita, inji ya fi wahalar tayar da ita, ta fi shan mai, ta fi cin boris. In an karya sitiyari har ƙarshe ko an faɗa rami da kaya, tana iya gogar madigadi ko tiyon birki. Mota mai jan ƙafa huɗu dama doguwa ce, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa, ga shi an ƙara ɗaga ta. Masu sana'ar taya sun saba cewa kada sabon tsayi ya wuce na asali da fiye da kashi 3 cikin 100. A ganina, wanda rairayi ne damuwarsa bai buƙatar wannan kashe kuɗi. Ya rage iskar tayoyinsa huɗu daidai da juna kafin ya shiga, ya tafi a hankali, ya mayar da iskar kafin ya hau kwalta.

Faffaɗar taya a kan siririn wili, ko siririya a kan faffaɗa, ita ma matsala ce. Bakinta ba ya zama daram, kuma a kwana mai tsanani yana iya ɓallewa iska ta fice gaba ɗaya.

Lambar nauyi

Wannan ita ce lambar da aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi shafar mai a-kori-kura. Lamba 112 kilo 1,120 ce, 110 kilo 1,060, 104 kilo 900, 100 kuma kilo 800. Idan motar da aka ƙera da 112 aka sa mata masu 104 a baya, kowace taya ta rasa kilo 220, biyun sun rasa 440. Kusan buhun taki 9 ke nan mai kilo 50. Direba kuwa lodin da ya saba shi zai yi, har da mutane a kan kaya. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta gefenta yana yawan lanƙwashewa, lanƙwasa tana haifar da zafi, zafi yana raba roba da waya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40 kuma kwalta ta fi haka nesa ba kusa ba, wannan shi ne fashewar da ake ji kamar harbin bindiga. Tayoyin ɗaukar kaya sukan zo da harafin C bayan lambar wili, kamar 205R16C, ko LT a farkon rubutun. Motar da aka ƙera da irinsu, irinsu za a mayar mata.

Ciki da waje

Ko girma ya yi daidai, ana iya ɗaura taya a baibai. Wasu tayoyi suna da kibiya a gefe tare da kalmar ROTATION, dole kibiyar ta nuna inda taya ke juyawa idan mota na tafiya gaba. In an juya ta, zanen da aka yi don ya kore ruwa sai ya riƙa tara shi. Wasu kuma an rubuta OUTSIDE a gefen da zai kalli waje, INSIDE a wanda zai kalli cikin mota.

Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, cikin jif ƙirar Lexus LX570, wadda kullum ƙafafunta huɗu ke ja. Rahoton da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta gabatar bayan 'yan kwanaki ya ce tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu fiye da ƙima, direba ya taka birki da ƙarfi, motar ta wuntsila. Ya ambaci rashin ɗaura bel, ya kuma ambaci cewa ba a ɗaura tayoyin ta fuskar da ta dace ba. Ba maganar girma ba ce a nan, kuma gudu ne babban abin da aka ɗora wa laifi. Abin lura shi ne, motar minista ce, mai tsadar gaske, amma yadda aka ɗaura tayarta sai da ya shiga rahoton mutuwar mutum uku. Akwai kuma darasin tuƙi a ciki: idan taya ta fashe, a riƙe sitiyari gam da hannu biyu, a sassauta totur sannu a hankali, kada a daka birki.

Me ya sa kasuwarmu ta cika da tayoyi barkatai?

A da ana ƙera taya a Najeriya. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, ya rufe ta a 2007. Dunlop da ke Ikeja ya daina ƙira a 2008. Daga nan kasuwa ta koma kan na waje, sababbi da na hannu. Na hannun an ciro su ne daga motoci daban-daban a ƙasashe daban-daban, shi ya sa da wuya a sami huɗu 'yan gida ɗaya. Wasu ma an yi su ne don ƙasashen ƙanƙara, za a ga hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a gefensu. Robarsu mai laushi ce, ba don kwaltar Jega da rana tsaka aka yi ta ba.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A nemi inda aka rubuta DOT, a bi layin har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ƙira. Wasu kamfanonin taya suna ba da wa'adin da ya fi haka, amma kowa ya yarda roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zafi yana gaggauta tsufanta. Haƙoran da ba su taɓu ba, waɗanda mai faci ya yi talla da su, ba su faɗin shekaru. A cikin ramukan zanen taya kuma akwai 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6. Ranar da haƙori ya suɗe ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki.

In kuɗi bai kai na huɗu ba

Mai littafi yana iya cewa a sauya huɗu lokaci ɗaya, kuma ga mai Prado ko RAV4 wannan shi ne daidai in tsofaffin sun suɗe sosai. Amma kowa ya san yadda farashi ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023 darajar naira kuma ta faɗi. Direba da yawa ma ba shi ke da ta cewa ba, mai mota ne. To, ga abin da za a iya yi.

In biyu za a iya saye, a sayi biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, lamba ɗaya da ta jikin ƙofa, a sa su a bakasil ɗaya, kuma a baya ya fi, domin mota ta fi wuyar riƙewa idan bayanta ne ya zame. In ɗaya ce tak, a nemi wadda lambarta duka ta yi daidai, zurfin haƙorinta kuma ya yi kusa da na 'yar'uwarta ta ɗaya gefen, a gwada su da igiya bayan an sa musu iska ɗaya. Safaya ma a duba ta tun a gida, domin sau da yawa ita ce baƙuwar da aka manta da ita. In kuwa a daji abin ya same ka, babu sai wadda ta saɓa, sa ta ka fita, amma da sanin cewa aro ce: a tafi a hankali, a bar motar a H2 in mai cirewa ce, a sauya da an isa gari.

Direban da zai yi wa maigidansa bayani, kada ya tsaya a kan "ba ta da kyau". Ya ce: "Ranka shi daɗe, wagga saba'in ce, namu sittin da biyar ne. In munka bar ta, tiransifa za ta ci, kuma kuɗin tiransifa ya fi na taya." Mai mota ya fi jin magana idan da lamba a cikinta.

Tambayoyi

1. A rubutun 245/70 R16 111T, wace lamba ce faɗin taya, wacce ce ta wili, wacce ce ta nauyi?
2. Taya biyu duka "sha bakwai" ne. Me zai sa ɗaya ta fi ɗaya tsayi? Kawo dalili uku.
3. Me ya sa saɓanin tayoyi ya fi yi wa Hilux illa a kan kwalta fiye da cikin rairayi idan tana H4?
4. An ga 0821 a ƙarshen layin DOT. Yaushe aka ƙera tayar?
5. An cire tayoyin baya masu lamba 110 an sa masu 100. Kilo nawa biyun suka rasa? Buhun taki nawa ke nan?

Aikin yi

Ɗalibai su kasu uku-uku. Kowane rukuni ya nemi izinin mai wata motar fowil a gari, ya kwafo rubutun tayoyinta huɗu da na safaya a littafi, ya kwafo kuma na takardar jikin ƙofa, a zo aji a gwada. Sa'annan a sami fili mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a sa motar a H2 in mai cirewa ce. A shata gawayi a gefen tayar gaba da ta baya, daidai inda kowace ta taɓa ƙasa. Direba ya tafi a miƙe sannu a hankali, mutum ɗaya yana ƙirga juyin tayar gaba daga gefe, nesa da ƙafar mota. Idan ta cika juyi goma shatinta ya dawo ƙasa, a tsaya a duba inda shatin tayar baya yake. A auna tazararsa da ƙasa da igiya, a rubuta, a kawo wa malami a darasi na gaba.